Keken Guragu: Aikin Ba Ya Ƙarewa Ranar Rabo

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Kazaure ta shiga Daura, ko wadda ta fita zuwa Mai'aduwa da Kongwalam, ya san shi. Keke ne mai ƙafa uku, biyu a baya, ɗaya a gaba, an ɗauko fedar da ya kamata ta zauna ƙarƙashin ƙafa an ɗaga ta zuwa daidai ƙirji, ana murza ta da hannu. Jama'a suna ce masa keken guragu. Muna ganinsa ƙofar masallacin Juma'a, muna ganinsa bakin kasuwa, wani lokaci kuma a ƙofar makaranta, an jingine shi a inuwar darbejiya. Yawan ganinsa ya sa mun daina kallonsa. Ni kuwa ina so a wannan fitowa in roƙi ɗalibai da malamansu mu sake kallon wannan keke da idon kimiyya, domin ina da ƙorafi a kan yadda ake ƙera shi, da yadda ake raba shi, da yadda ake mantawa da shi da zarar an watse daga wurin biki.

Abin da ya tayar mini da maganar ya faru ne a unguwarmu. Akwai wani yaro ɗan aji biyar na sakandare wanda shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana goye. Wata ƙungiya ta raba kekuna, ya samu ɗaya, aka yi hotuna, kowa ya yi murna, har da ni. Bayan 'yan watanni yana dawowa daga makaranta, ya gangaro wata 'yar gangara, ya zo shan kwana, keken ya ɗaga ƙafa ɗaya ya kife da shi cikin lambatu. Ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji ya karye. Da ɗan'uwansa mai ƙafa ne ya yi wannan karaya, da an rataya masa hannu ya koma aji washegari. Shi kuwa mako shida ya yi a kwance, ko bayan gida sai an ɗauke shi, domin wanda hannunsa ne ƙafarsa, in hannun ya karye tafiya ta tsaya cik. Da na je dubiya na leƙa keken. Kujerar ta fi ƙugun yaron faɗi nesa ba kusa ba, an ɗora ta can sama, robar birki ta cinye saura ƙarfe, sarƙa kuwa ta bushe ƙamas. Mutanen gidan suka ce tsautsayi ne. Ban yi musu ba, amma a raina na san wannan tsautsayi da tsinken awo da sufana ɗaya aka iya rage shi.

Kafin mu je ga ƙarfe, bari mu fara da jiki, tunda nan ne fagena. Shan inna, wadda kakanninmu suka danganta da iska, ƙwayar cuta ce ta bairos wadda ke shiga ta baki, galibi ta ruwa ko abincin da najasa ta gurɓata. Tana hayayyafa a hanji. A mafi yawan yara tana wucewa ba tare da an ma san ta zo ba, amma a wajen ɗaya cikin 200 takan kutsa cikin laka, watau igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, ta kashe ƙwayoyin jijiya masu aika wa tsoka umarnin motsi. Tsokar da ta daina samun umarni sai ta saki, ta tsotse, ƙafa ta shanye. A lura da wani abu mai muhimmanci: jijiyoyin ji ba ta taɓa su. Wanda shan inna ta taɓa yana jin zafi da sanyi da cizon sauro a ƙafarsa sarai. Wannan ya bambanta shi da wanda haɗarin mota ko faɗowa daga bishiya ya tsinka masa laka, wanda shi ba motsi ba ji. Za mu ga amfanin wannan bambanci nan gaba, domin kujerar da ta ishi na farko tana iya halaka na biyu.

To, idan ƙafa ta ajiye aiki, hannu ne ke gadon sa, alhali ba don wannan aiki aka tsara shi ba. Dubi gaɓar ƙugu: kan ƙashin cinya ya nutse cikin rami mai zurfi kamar taɓarya cikin turmi, don haka tana ɗaukar nauyin mutum shekara tamanin. Gaɓar kafaɗa kuwa ramin nata bai fi faranti zurfi ba. Wannan ne ya ba mu damar wulwula hannu ta kowace fuska, amma kuɗin da muka biya shi ne rashin ƙarko. Abin da ke riƙe kan ƙashin damtse a kan farantin nan wasu 'yan tsokoki ne guda huɗu da jijiyoyinsu, waɗanda suka kewaye gaɓar. Ɗaya daga cikinsu tana ratsa wani ɗan matsattsen lungu a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa, kuma duk sa'ad da mutum ya yi aikin ƙarfi hannunsa na sama da kafaɗa, ana matse ta. Sau goma ba komai. Sau dubu a yini, shekara da shekaru, sai ta kumbura, ta fara zarewa kamar tsohuwar igiyar guga. Haka a wuyan hannu akwai wata 'yar kafa da jijiyar babban yatsa da maƙwabtansa ke bi. Yawan murza da lanƙwasa wuyan hannu kan matse ta, mutum ya riƙa jin yatsunsa suna dindiris da dare. Ciwon kafaɗa da na wuyan hannu suna cikin manyan matsalolin da likitoci suka sani ga mutanen da suka daɗe suna tafiya da ƙarfin hannu.

Bugu da ƙari, tsokar hannu ƙarama ce in an gwada ta da ta cinya. Iyakar iskar oksijin da mutum ke iya sarrafawa yana aiki da hannu ba ta wuce kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da zai sarrafa da ƙafa ba, kuma a aiki iri ɗaya zuciya ta fi bugawa da sauri idan hannu ne ke yi. Sai a haɗa wannan da zafin Daura a watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba: shekara 15 zuwa 40 bayan kamuwa, wasu daga cikin waɗanda shan inna ta taɓa sukan fuskanci sabon rauni da gajiya da ciwon gaɓoɓi. Dalili kuwa, ƙwayoyin jijiyar da suka tsira su ne suka yi rassa suka ɗauki aikin waɗanda suka mutu, kuma da tafiya ta yi nisa sukan gaji. Ma'anar wannan ita ce, ƙarfin hannun mai keken nan jari ne mai iyaka. Keke mai nauyi, mai busasshiyar sarƙa da taya maras iska, kullum yana cin wannan jari.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kushe keken ne. Ko kusa. A hanyoyinmu ya fi kujerar asibiti mai ƙananan ƙafafu a gaba, wadda ba ta taku biyar cikin rairayin Daura sai ta kafe. Murza feda da hannu ya fi tura taya da hannu sauƙi ga jiki, domin a kujerar asibiti hannu yana turawa ne ya saki, ya koma ya sake kamawa, rabin motsin a banza, alhali a feda ƙarfi yana shiga a duk zagayen, ana turawa ana jawowa, tsokokin gaba da na baya suna raba aikin. Dabarar kuma tsohuwa ce. Wajen shekarar 1655 wani mai gyaran agogo a garin Altdorf kusa da Nuremberg ta ƙasar Jamus, Stephan Farffler, wanda ba ya iya tafiya, ya ƙera wa kansa keke mai ƙafa uku da ake murzawa da hannu. Wannan kuwa fiye da shekara 150 ke nan kafin a ƙera kakan keke mai ƙafa biyu a 1817. Ashe keken guragu ne wa, keken masu ƙafa ƙane.

A Turai akwai wani danginsa da za mu iya kira keken kishingiɗa, wanda mahayi ke zama ƙasa ƙasa, bayansa a jingine, ƙafafu a miƙe gaba. A 1933 wani Bafaranshe, Francis Faure, ya hau irinsa wanda Charles Mochet ya ƙera, ya yi tafiyar kilomita 45 cikin sa'a guda, ya karya bajintar da ta daɗe ba a karya ba. A 1934 hukumar tseren keke ta duniya ta hana irin wannan keke shiga gasarta. Abin da ya ba Faure nasara shi ne ya rage faɗin jikin da ke karo da iska. Mu wannan bai dame mu ba, domin mai zuwa kasuwa ba ya gudun da iska za ta tare shi. Abu biyu ne ya kamata mu ara daga keken kishingiɗa: majingina mai tallafe baya, da zama kusa da ƙasa.

Ga dalilin zama kusa da ƙasa, kuma ina roƙon malaman fiziya su kai wannan lissafi aji. Mutane suna zaton abu mai ƙafa uku ba ya faɗuwa, tunda ga murhu. Amma murhu ba ya shan kwana. Idan aka ja layi tsakanin wuraren da tayoyi uku suka taɓa ƙasa, za a sami alwatika, mai faɗi a baya, mai tsini a gaba. Muddin cibiyar nauyin keke da mahayi tana kan wannan alwatika, lafiya lau. A kwana kuwa jiki yana son ya ci gaba da tafiya miƙe, sai a ji kamar ana tura shi waje, kuma keke mai ƙafa uku ba ya iya karkatawa ciki kamar yadda mai ƙafa biyu ke yi. A ɗauka tsakanin tayoyin baya santimita 60 ne, mahayi kuma yana zaune a kashi biyu cikin uku na tsawon keken daga tayar gaba. A daidai nan, daga tsakiya zuwa gefen alwatika santimita 20 ne kacal, ba 30 ba. Idan cibiyar nauyi tana santimita 60 daga ƙasa, turin da ya kai sulusin nauyin keke da mahayi ya isa ya ɗaga taya, domin 20 sulusin 60 ne. A kwanar da ke da mita 2 daga tsakiyarta, irin ta shiga lungu, gudun kilomita 9 a sa'a ya isa ya kawo wannan turi. Wannan bai kai sassarfar yaro ba. A sauke cibiyar nauyin zuwa santimita 40, sai iyakar ta koma sama da kilomita 11. Ƙarin kamar kaɗan ne, amma a tuna turin yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa: in gudu ya ninka biyu, turi ya ninka huɗu. Shi ya sa 'yar gangara da mai ƙafa ba ya ko lura da ita take kifar da keke.

Daga wannan lissafi ɗalibi zai iya fitar da ƙa'idodin hawa da kansa. A rage gudu tun kafin a shiga kwana, domin taka birki a tsakiyarta yana tura nauyi gaba, inda alwatika ta tsuke. A karkata jiki zuwa cikin kwana. Kaya, ko buhun gero ne ko jarkar ruwa, a ɗaure su ƙasa tsakanin tayoyin baya. Kada a rataya su a sitiyari ko a ɗora bisa majingina. Gefen kwalta inda ruwa ya zaizaye, a hau shi ko a sauka kai tsaye, kada a bi shi a karkace taya ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Yaran unguwa masu son turawa da gudu don taimako ko don wasa, a hana su, sai in mahayin ne ya nema.

Akwai wata wahala da mai keke mai ƙafa biyu bai sani ba. Shi ƙafarsa tana tuƙi, hannunsa yana juya kai da kama birki. A keken guragu hannu biyun nan su ne injin, su ne sitiyari, su ne birki. Idan hannun birki yana can gefen kujera, sai mahayi ya saki feda, watau ya saki sitiyari, kafin ya kai gare shi, a daidai lokacin da ya fi bukatar riƙe kan keken. Don haka wurin da aka ɗaura birki ba ƙaramar magana ba ce. Birkin da ke cikin cibiyar taya, wanda ke kamawa in an murza feda baya, ya fi dacewa, domin hannu ba ya barin wurinsa. Birkin da ke kama tayar baya ɗaya tak yana fizgar keke gefe. Sannan dole a sami abin da zai kulle taya sa'ad da mutum ke hawa ko sauka, ko da maƙalin ƙarfe ne, domin da yawa faɗuwa tana faruwa ne keken yana tsaye, ya zame daga ƙarƙashin mai jan jikinsa zuwa kujera.

Yanzu ga inda nake ganin masu ƙira suna zaluntar kafaɗa ba da sani ba. Galibi da kayan keken hawa ake haɗa keken guragu, abin da yake daidai ne, tunda duk mai gyaran keke a Zango ko Ɓaure yana da su. Kuskuren shi ne ɗauko faranti da haƙoransa yadda suke. Keken hawa irin na da yakan zo da babban faranti mai haƙori 44 da ƙarami mai 18, ga taya mai inci 28. Murzawa ɗaya tana juya taya kusan sau biyu da rabi, tafiyar mita 5 da 'yan kai. Wannan lissafin cinya ne. Hannu ba ya da wannan ƙarfi, sai ka ga mutum yana ciza leɓe yana jan feda da dukan jikinsa kafin keke ya motsa. A sa faranti mai haƙori 28 da mai 22 a taya mai inci 24, murzawa ɗaya ta ba da kimanin mita biyu da rabi. Gudu ya ragu, amma nauyin kowace murzawa ya ragu da fiye da rabi, kuma gaɓa ta fi jure motsi mai sauƙi sau da yawa a kan motsi mai nauyi sau kaɗan. Haka kuma a keken hawa feda ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa. In aka bar su haka a keken da fedarsa ke kan sitiyari, hannun dama yana turawa na hagu yana jawowa, kan keken sai ya riƙa lilo dama da hagu kamar tafiyar maciji. Kekunan hannu na zamani galibi an daidaita fedojinsu suna tafiya tare, kuma gwaje-gwaje sun nuna haka ya fi sauƙi ga jiki. Tsakiyar feda ta zauna daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, kuma in hannu ya kai iyakar nisa a ga gwiwar hannu da ɗan lanƙwasa. Wannan ba ya yiwuwa sai an auna mutum kafin a yanka ƙarfe. Tela ba ya ɗinka wa unguwa guda riga da awo ɗaya, amma mu muna yi wa mutum ɗari keke da awo ɗaya, daga ɗan shekara tara har dattijo.

Kujera ma haka. Ga mai shan inna, katako da soso mai kauri sun wadatar, domin in zama ya dame shi zai ji ya gyara. Wanda lakarsa ta tsinke ba ya ji. Nauyin jikinsa yana danne fata tsakanin ƙashi da katako, jini ya daina isa wurin, cikin 'yan sa'o'i nama ya fara mutuwa, gyambo ya ɓulla, kuma irin wannan gyambo yana iya kai mutum kabari. Irin wannan mutum yana bukatar matashi na musamman, da ɗaga jiki a kai a kai, da duba fata kowace rana. Ƙarfen da ya sha rana ma yana ƙona shi bai sani ba. Matakin ƙafa kuwa, ga kowa, ya kasance da baki da maɗauri, domin ƙafar da ba ta da iko in ta zame ta taɓa ƙasa keke yana tafiya, sai ya bi ta kanta ya murɗe ta.

Maganar kula da keke ba ta da tsawo, sai dai ƙasarmu tana da nata sharuɗɗa. Rairayi da ƙurar hunturu in suka haɗu da baƙin mai sukan zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye sarƙa da haƙora. Don haka a fara goge sarƙa da tsumma da ɗan kananzir, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa. Lafta mai bisa datti ɓarna ce. Na lura mahaya da yawa ba sa son sa mai sam, kuma suna da hujja: sarƙar tana gaban ƙirjinsu, tana ɓata musu riga. Maganin wannan murfin sarƙa ne na gwangwani, wanda kuma zai hana ta cafke hannun riga ko gefen mayafi. Taya ta sha iska sosai, a duba ta kowace safiya, a cire ƙayar tsidau da ta aduwa tun ba su kai ga tif ba. A girgiza kowace taya a ji ko boris ya yi sako-sako, a ɗaure notin da ya kwance, a canja robar birki tun ba ta kai ƙarfe ba. A duba wuraren walda, musamman ƙarƙashin kujera da wuyan keke. Tsatsa mai bin layi ɗaya siririya alama ce ta tsagewa. Duk wannan bai fi aikin minti goma ba, amma wani sashensa yana bukatar mai iya durƙusawa ya ɗaga keke, kuma a nan ne ɗan'uwa ko abokin aji yake da amfani.

Sauke kujera yana da nasa haɗari, ba zan ɓoye ba. Wanda ya yi ƙasa ya ɓace wa direban babbar mota, musamman ranar kasuwar Mai'aduwa da motocin shanu ke cika hanya, ko da almuru cikin hazo. Sanda mai tsawo da ƙyalle mai launin ruwan lemo a samanta tana maganin rana. Da dare kuwa sai abin da ke mayar da haske. Wanda ya taɓa haska kyanwa da tocila ya ga idonta yana ƙyalli: a bayan idon akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske ta hanyar da ya zo. Wannan ne sunan da Percy Shaw na Ingila ya ba ƙusoshin hanya masu ƙyalli da ya ƙirƙiro a 1934, idon kyanwa. Leda mai ƙyalli irin wadda ake manna wa bayan tirela tana aiki a kan wannan ƙa'ida, ba ta cin batir, kuma kuɗinta bai kai na faci biyu ko uku ba. Ban ga dalilin da zai sa a raba keke babu ita ba.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, ai shan inna ta ƙare. Gaskiya ne an yi nisa. Duniya ta ɗaura aniyar kawar da ita a 1988. Mu a Arewa mun yi tuntuɓe a 2003 sa'ad da aka dakatar da ɗigon rigakafi a wasu jihohi saboda jita-jita, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, kuma yaran da suka shanye a tsakanin nan yau magidanta ne. Daga baya sarakuna suka shiga gaba, aka ci nasara: an ga na ƙarshen masu kamuwa da ainihin ƙwayar ta daji a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Amma a 2023 da 2024 an ci gaba da samun wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, har da jihohin Arewa maso Yamma, don haka ɗigon bai zama tarihi ba. Ko da an wayi gari babu sabon kamu ko ɗaya, wanda ya shanye a 2004 yana da shekaru masu yawa a gabansa in Allah ya ba shi rai. Ga kuma waɗanda haɗarin babur ke karya wa baya, da waɗanda ciwon sukari ke raba su da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 100 yana bukatar kujera ko keken naƙasassu.

Na biyu za su ce a ba su mai inji mana, a huta. Ga mai tafiya mai nisa ko mai sana'ar ɗaukar kaya, babur mai ƙafa uku alheri ne. Sai dai tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kowa ya san abin da lita take ci, kuma lissafin kifewar da muka yi a sama ya fi muni a gudun kilomita 40. Ɗan makaranta ba ya bukatar inji. Motsa jikin ma yana da amfani ga zuciyar wanda yini yake a zaune, in dai an yi shi da keken da bai fi ƙarfinsa ba.

Na uku, kuma wannan ya fi ciwo, za su ce wanda aka ba kyauta ba ya zaɓe. Da wannan ne ba zan taɓa yarda ba. A Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ɗalibi ya zagaya makarantarsu ya ƙirga azuzuwa nawa ne keke zai iya shiga, ɗakin gwaje-gwaje da bayan gida su ma ya duba. Tun 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga ƙasashe irin namu, wadda ta ce bayar da keke aiki ne mai matakai: a duba mutum, a auna shi, a daidaita masa, a koya masa hawa da gyara, a kuma riƙa bibiya. Mu mun ɗauki mataki ɗaya, na miƙawa a gaban mai hoto, mun bar sauran.

Ba sai mun jira Turai ba. A Kano waɗanda shan inna ta taɓa sun daɗe da kafa ƙungiya mai ƙera waɗannan kekuna da hannunsu, a Jos ma akwai cibiyar da Ayuba Gufwan, wanda shi ma cutar ta taɓa, ya kafa don wannan aiki. Wanda ke zaune a kan keke ya fi kowa sanin inda yake ciwo. Daura kuwa yanzu tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, tana da jami'ar sufuri sukutum. Sufuri bai tsaya ga jirgin ƙasa ba. Ina ganin babu aikin kammala karatu da ya fi dacewa da ɗalibin injiniya a garin nan kamar ya zauna da mahaya da masu walda su fitar da keke mai kujera da feda masu matsawa, mai jure rairayi, wanda kowane yankinsa ana samun sa a kasuwa. Akwai ma matsalar da ke jiran mai warwarewa: tayar gaba ce ke ja, nauyi kuwa yana baya, shi ya sa take wulwulawa a banza a kan hawa ko cikin yashi.

Makarantun sakandare na ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, suna iya farawa da abin da bai kai wannan ba. Ƙungiyar ɗaliban kimiyya ta ware Asabar ɗaya a wata. A nemi izinin shugabannin naƙasassu na gari, domin suna da sarautarsu da tsarinsu, kuma ba a taɓa keken mutum sai da yardarsa. A zo da famfo, da sufana, da man keke, da tsinken awo, da leda mai ƙyalli, a gayyato mai gyaran keke ɗaya ya tsaya a kai. Malamin fiziya ya sa a auna faɗin tayoyi da tsayin kujera a lissafa gudun kifewa na kowane keke, a gaya wa mai shi. Malamin bayoloji ya sa a tambayi mahayi inda ke masa ciwo, kafaɗa ko wuyan hannu ko baya, a rubuta, wanda ciwonsa ya yi tsanani a shawarce shi ya ga likita. Bayan shekara guda makarantar za ta mallaki alƙaluman da za ta iya ajiyewa gaban duk mai niyyar rabon keke.

Yaron unguwarmu ya warke. Mai walda ya sauke masa kujera da kusan tsawon tafin hannu, ya matso da ita baya, ya mayar da birki kusa da feda, muka sa ƙaramin faranti. Kuɗin duka bai kai na buhun siminti ba. Ya ce mini yanzu yana isa makaranta a makare da minti biyar fiye da da, amma yana iya riƙe alƙalami a darasin farko ba tare da hannunsa yana rawa ba.